Kukan masu karatu da nadamar marubuciya: tsokaci a kan jerin littattafan Harry Potter

A farkon watan Agusta na shekarar 2006, a birnin New York na ƙasar Amurka, wasu mashahuran marubuta biyu, Stephen King da John Irving, suka roƙi abokiyar sana'arsu J. K. Rowling, a gaban ƴan jarida, da kada ta kashe wani yaro. Yaron kuwa ba shi da takardar haihuwa, bai taɓa shaƙar iska ba sai tsakanin bango da bango na littafi: shi ne Harry Potter, wanda a lokacin saura littafi guda labarinsa ya kai ƙarshe. Dattawan nan biyu sun sha kashe taurari a nasu littattafai ba tare da neman iznin kowa ba, amma da abin ya zo kan tauraron wata, sai suka ajiye alƙalami suka shiga sahun masu karatu, suna roƙo kamar yadda miliyoyin yara ke yi.

Irin wannan roƙo ba baƙo ba ne a tarihin adabin Ingila. A shekarar 1893 Arthur Conan Doyle ya gaji da tauraronsa Sherlock Holmes, ya jefa shi cikin wani kwazazzabon ruwa don ya huta. Masu karatu suka hana shi sakat, har dai a 1903 ya maido shi da ransa. Abin da ya bambanta lamarin Harry Potter shi ne yawan jama'a da tsawon jira. Littafi na farko ya fito a Landan cikin watan Yuni na 1997, inda kamfanin Bloomsbury ya buga kwafi 500 kacal masu bangon kwali. Na bakwai, wanda ya rufe jerin, ya fito ranar 21 ga Yuli 2007, aka sayar da wajen kwafi miliyon 11 a Ingila da Amurka cikin awa 24. Jimlar abin da aka sayar a duniya ta haura miliyon 600, cikin harsuna fiye da 80. Masu karatu da Faransanci sun san labarin ne ta fassarar Jean-François Ménard, wadda kamfanin Gallimard ya buga daga 1998 zuwa 2007, kuma sunayen wannan fassara ne suka fi kama bakin ɗalibai a ƙasashen da ake karatu da wannan harshe: makarantar Hogwarts ta zama Poudlard, malam Snape ya zama Rogue, malama Umbridge ta zama Ombrage. Da su za a ambaci taurarin a nan. (Kalmar sorcier da ke cikin sunan littafin farko takan ruɗi mai fassara zuwa Hausa. Mutanen Poudlard ba mayu ba ne masu kama kurwa; masu sihiri ne na tatsuniya, dangin mai zoben da ake murzawa aljani ya fito.)

Manyan masu nazari sun saba kawar da kai daga hayaniyar masu karatu, suna ɗaukar ta surutun kasuwa. Harold Bloom a 2000 da A. S. Byatt a 2003 duk sun yi rubutu a jaridun Amurka suna raina jerin, tare da ɗora alamar tambaya a kan ɗanɗanon masu son sa. To amma hayaniyar nan ta cancanci a tace ta, domin kuka iri biyu ne a cikinta. Akwai kukan wanda labari ya taɓa shi inda ke ciwo, akwai kuma kukan wanda ya kama labari yana saɓa wa mudun da shi da kansa ya ce da shi za a auna. Na farko shaida ce mai kyau ga marubuci. Na biyu ƙara ce a kansa. Abin lura a tarihin wannan jeri shi ne, da marubuciyar ta zo amsa masu karatunta bayan an rufe littafi na ƙarshe, sai ta nemi gafara a kan na farko, ta dage a kan na biyu.

Shekaru goma ana jira

Yaron da ya buɗe littafin farko yana ɗan shekara 11, wato sa'an Harry, ya rufe na bakwai yana da 21. Tsakanin littafi na huɗu, wanda ya fito a Yuli 2000, da na biyar, wanda ya fito a Yuni 2003, kusan shekara uku ne. Mai karatu bai zauna hannu rabbana ba a wannan tsakani: ya maimaita karatu, ya ƙirga alamu, ya ƙulla nasa ƙarshen labari. Wasu ma sun harbo daidai. Tun kafin littafi na bakwai ya fito, da yawa sun gano cewa wani yanki na ran Voldemort, mugun da ya kashe iyayen Harry, yana maƙale a jikin yaron, sun kuma gano cewa haruffa uku da aka sa hannu da su a wata wasiƙa a ƙarshen littafi na shida sunan ƙanen Sirius Black ne. Ɗoki ya kai ga cewa a 2003 bugun Ingilishi na littafi na biyar ya hau kan jerin littattafan da aka fi saye a Faransa kanta, saboda masu karatu sun kasa jiran mai fassara. Duk wanda ya taɓa bin littattafan Kano masu fitowa kashi-kashi, inda ake yanke labari daidai wurin da numfashi ya ɗauke, ya san abin da jira ke yi wa mai karatu: yakan fara ganin yana da gado a cikin labarin. Magaji kuwa ba ya yin shiru idan aka raba dukiya ba yadda ya zata ba.

Kukan mutuwa

Littattafai uku na farko sun bar masu karatu cikin kwanciyar hankali irin ta tatsuniya, inda haɗari ke zuwa ya wuce. A na huɗu aka kashe Cedric Diggory, ɗalibi mai ladabi wanda laifinsa kawai shi ne ya kasance a wurin. A na biyar aka kashe Sirius Black, aminin mahaifin Harry kuma waliyyinsa, mutum guda da ya yi wa maraya alkawarin gida. Rowling ta faɗa wa gidan talabijin na BBC a 2003 cewa ita kanta ta yi kuka bayan ta rubuta wannan mutuwa.

Ƙorafin masu karatu a kan Sirius ya ɗauki fuska biyu. Wasu suka ce mutuwar ta yi sauri, ba wasiyya, ba gawa, mutum ya faɗa bayan wani labule kawai ya ɓace. Wasu suka ce ba ta da dalili, tun da Harry na da wani madubi da Sirius ya ba shi don su riƙa magana, amma bai ko kwance ƙunshin ba sai bayan mai afkuwa ta afku. Da ya duba, da ya san mafarkin da ya ja shi cikin tarko ƙarya ne. Duka biyu gaskiya ne a matsayin bayanin abin da ya faru, sai dai ba aibi ba ne. Madubin nan shi ne ginshiƙin babin. Yaro mai shekara 15 ya yi gaggawa, ya manta da abin da ke ƙasan akwatinsa, wanda ya je ceto ya mutu saboda zuwansa. Da an ba Sirius mutuwar jarumi mai dogon jawabi, da mai karatu ya yi kuka ya share hawaye ya wuce. Abin da aka ba shi maimakon haka shi ne da-na-sani, wadda ba ta wankuwa.

Haka nan ƙorafin da aka yi a kan halin Harry a wannan littafi, wanda ya fi duka tsawo, shafi 766 a bugun Ingila. Masu karatu da yawa sun gaji da shi: yana yi wa abokansa tsawa, yana ganin kowa ya ci amanarsa, a ƙarshe har ya farfasa kayan ofishin shugaban makaranta. Sun so a maido musu da yaron nan mai haƙuri na littafin farko. Malamin da ya taɓa riƙe aji na ƴan shekara 15 ba zai shiga wannan ƙorafi ba. Yaron da aka kashe abokinsa a gabansa, jarida ta mai da shi maƙaryaci, babban da ya dogara da shi ya daina haɗa ido da shi tsawon shekara, idan bai yi fushi ba to ba mutum aka zana ba, gunki ne.

Da aka kashe Dumbledore, shugaban makarantar, a ƙarshen littafi na shida a 2005, wasu masu karatu ƙin yarda suka yi ƙememe. Suka tara hujjoji cewa dabara ce, tsohon yana nan da rai. A wancan taro na New York sai da marubuciyar ta fito fili ta ce ya mutu, mutuwa ta gaske. Littafi na bakwai kuwa ya kwashe da yawa: mujiyar Harry, Maugrey, Dobby, Fred Weasley, Lupin da matarsa Tonks. An yi ƙorafi cewa ba a nuna mutuwar Lupin da Tonks ba, Harry ya tarar da gawarwakinsu ne kawai a jere a babban zaure. Amma haka yaƙi ke kashewa, ba ya jiran mai ba da labari ya iso. Kuma littafin da ya tsaya ya nuna Harry yana haƙa kabarin Dobby da shebur, da hannunsa, ya ƙi amfani da sihiri, ba za a zarge shi da rashin sanin darajar mamaci ba.

Daga shekarar 2015 zuwa 2018 Rowling ta yi wata al'ada: kowace ranar 2 ga Mayu, ranar da labarin ya ce an yi yaƙin Poudlard, sai ta nemi gafarar mutuwa guda a shafinta na Twitter. Fred a 2015, Lupin a 2016, Rogue a 2017, Dobby a 2018. Wasa ne tsakaninta da masoya, an sani. Sai dai wasan yana koya wa matashin mai karatu wani abu maras amfani, wato cewa baƙin cikin da littafi ya sa shi kuskure ne da ya kamata a ba shi haƙuri a kai. Ta kuma bayyana cewa Arthur Weasley ne ta yi niyyar kashewa a littafi na biyar, ta fasa, Lupin ya biya bashin daga baya. Sanin wannan bai ƙara wa mutuwar Lupin komai ba. Rage mata nauyi ya yi, don ya mai da ita lissafin ɗan kasuwa.

Rigimar aure ba ta buƙatar dogon tsayi. Shekaru masu karatu suka rabu gida biyu a kan wa Hermione za ta aura, Harry ko Ron, kuma da littafi na shida ya nuna alkibla a 2005, ɓangaren da ya sha kaye ya yi fushi ƙwarai. Amma alamun suna nan tun daga kishin da Ron ya nuna a daren rawar Kirsimeti na littafi na huɗu. So ne ya hana ganinsu. A nan ma marubuciyar ta sassauta inda bai kamata ba: a wata hira da Emma Watson ta yi da ita a mujallar Wonderland a 2014, ta ce dalilan da suka sa ta haɗa Ron da Hermione na zuciyarta ne fiye da na adabi, kuma ta wasu fuskoki Harry ya fi dacewa. Magana zarar bunu ce. Littattafai bakwai sun gina abu, jimla biyu a mujalla suka girgiza shi.

Malamai biyu

Inda martanin masu karatu ya fi ba da abin nazari, musamman ga ma'abota alli da allo, shi ne a kan malamai biyu na Poudlard.

Ta farko ita ce Dolores Ombrage, wadda ma'aikata ta turo makarantar a littafi na biyar, da farko a matsayin malama, daga baya mai duba malamai, a ƙarshe shugaba. Ba ta kashe kowa a wannan littafi ba. Tana sa tufa ruwan hoda, tana son hotunan ƴan kyanwa, tana magana da ƙaramar murya mai zaƙi. Aikinta shi ne ta zauna a bayan aji da takarda tana rubuce-rubuce, ta hana ɗalibai gwada abin da suke karantawa, ta riƙa liƙa dokoki a bango ɗaya bayan ɗaya, ta kori malamar da ba ta da mai tsaya mata. Horonta shi ne ta sa yaro ya kwafi jimla da wani alƙalami mai rubutu da jinin mai riƙe da shi. Duk da haka masu karatu da yawa sun fi tsanar ta a kan Voldemort, kuma Stephen King, a sharhin da ya yi wa littafin a 2003, ya sa ta cikin manyan miyagun da aka taɓa ƙagowa. Dalilin a fili yake. Ba wanda ya taɓa gamuwa da Voldemort, amma kowa ya taɓa tsayawa gaban teburin wani mai hatimi wanda ke cutar da shi yana murmushi, yana cewa doka ce. A kan Ombrage marubuciya da masu karatu bakinsu ɗaya, kuma sun yi daidai.

Na biyu shi ne Severus Rogue, malamin haɗa magunguna, kuma a kansa ne aka rabu. Ménard ya zaɓi sunan da kyau, don kalmar rogue a Faransanci tana nufin mai girman kai da ɗaurin fuska. Tun littafin farko ake zargin sa ana wanke shi, har a ƙarshen na shida ya kashe Dumbledore a gaban idon Harry. Shekara biyu aka yi ana muhawara. A 2007 kantunan littattafai na Borders a Amurka har raba wa masu saye takardun liƙawa iri biyu suka yi, ɗaya ta masu cewa a amince da shi, ɗaya ta masu cewa mugu ne. Babi na 33 na littafin ƙarshe ya warware: Rogue ya so Lily, mahaifiyar Harry, tun suna yara, shi ne ya kai wa Voldemort labarin duban da ya jawo kashe ta, nadama ta sa ya koma ɓangaren Dumbledore, ya yi shekaru yana leƙen asiri da ransa a tafin hannu, kisan Dumbledore kuwa shiri ne tsakaninsu, don tsohon ya riga ya kamu da abin da zai kashe shi. Babin yana cikin mafi kyawun abin da Rowling ta rubuta, kuma ya juya zukata. A 2011 Bloomsbury ya nemi masu karatu su zaɓi tauraron da suka fi so. Cikin ƙuri'u wajen 70,000 Rogue ya zo na ɗaya da kimanin 13,000, Hermione ta biyu, Sirius na uku, Harry kansa na huɗu.

Akwai hannun sinima a wannan zaɓe. Alan Rickman, wanda ya fito a matsayin Rogue a fina-finai takwas daga 2001 zuwa 2011, ya haura shekara 50 lokacin da aka fara, alhali Rogue na littafi yana da 31 a farkon labari, ya mutu yana da 38. Muryar Rickman da natsuwarsa sun ba tauraron wata kwarjini ta dattijo mai ɓoyayyen ciwo, fina-finan kuma sun zubar da mafi yawan ƙananan muguntarsa. Wanda ya san Rogue ta majigi kawai ya san wani mutum dabam.

Rogue na takarda kuwa ga abin da yake yi. A littafi na uku ya yi barazanar ɗura wa kwaɗon Neville Londubat maganin da yaron ya haɗa ba daidai ba, don aji ya ga ko dabbar za ta mutu. Da Hermione ta taimaka maganin ya gyaru, sai ya rage wa gidansu maki. A littafi na huɗu, da wani sihiri ya sa haƙoran Hermione suka yi tsawo har suka wuce haɓa, ya dube ta a gaban ƴan ajinsu ya nuna shi bai ga wani canji ba, yarinya ta fita da gudu tana kuka. Sannan akwai darasin nan na littafi na uku, inda aka kawo wani dodo mai rikiɗa zuwa abin da mutum ya fi tsoro a duniya. Wani ɗalibi ya ga gizo-gizo, wata ta ga gawa mai tafiya. Neville, ɗan shekara 13, wanda daga baya za a gane cewa an azabtar da iyayensa har suka zauce, abin da ya fi tsoro shi ne malaminsa. A littafin an ba da wurin a matsayin abin dariya, don dodon ya ƙare sanye da tufafin kakar Neville. Malamin da ya sake karanta shi bayan ya yi shekaru a aji ba lalle ya yi dariya ba.

Masu kare Rogue sukan ce dole ce ta sa shi, don kada ƴaƴan mabiyan Voldemort su gane inda ya dosa. Hujjar tana iya ɗaukar tsananinsa ga Harry, ba ta ɗaukar kwaɗon Neville ko haƙoran Hermione. Kuma littafin da kansa ya nuna cewa a ranar da ya zo wurin Dumbledore, ran Lily kaɗai ya dame shi, mijinta da jaririnta ba su cikin lissafinsa, har Dumbledore ya nuna ƙyamarsa ga wannan. Duk wannan bai rage wa tauraron daraja a matsayin ƙirƙira ba. Hasali ma shi ya sa ya fi sauran rai. Mutum yana iya zama jarumi a fagen yaƙi, azzalumi a cikin aji, kuma Rowling ta riƙe biyun tare har zuwa babi na 33.

A babin rufewa ne ta saki ɗaya. Shekara 19 bayan yaƙi, ga Harry a tashar jirgin ƙasa yana raka ɗansa makaranta, sunan yaron Albus Severus, kuma uban yana gaya masa cewa mai sunansa na biyu yana cikin mafi jarumtar mutanen da ya taɓa sani. Masu karatu da yawa sun ƙi wannan suna, kuma ƙorafinsu ba na ciwon rai ba ne, na hukunci ne. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin nauyin mayar da suna: wanda aka yi wa takwara an ce da zuriya ga abin koyi. Gafara abu ne da Harry ke da ikon yi a kan abin da aka yi masa. Ba shi da ikon yafe abin da aka yi wa Neville. Tsakanin mutuwar Rogue da wannan tasha littafin bai ba da ko shafi guda da ke nuna yadda ƙiyayyar shekara bakwai ta zama girmamawa irin wannan ba. A Nuwamba 2015, da aka matsa mata, Rowling ta amsa cewa Rogue ba waliyyi ba ne ba kuma shaiɗani ba, kuma Harry ya sa sunan ne don gafara da godiya. Amsar tana da ma'ana, sai dai ta zo shekara takwas bayan littafi, a wajen littafi. Abin ya fi ba da mamaki idan aka tuna cewa ita kanta ta koyar da Ingilishi a Porto ta ƙasar Fotugal, ta koyar da Faransanci a Edinburgh, kuma tun 1999 ta bayyana Rogue a matsayin malami mai jin daɗin cutar da yara.

Akwai wasu wurare biyu da ƙarar masu karatu ta tsaya da ƙafafunta, kuma duka biyu daga mudun littafin aka auna su. Tun littafi na biyu Dumbledore ya koya wa Harry cewa zaɓin mutum ne ke nuna ko shi wane ne, ba baiwar da aka haife shi da ita ba. Amma makarantar tana raba yara gida huɗu suna ƴan shekara 11, ta bakin wata tsohuwar hula, kuma gida guda, Serpentard, an bar shi matattarar miyagu daga farko har ƙarshe. A daren yaƙi, da ɗaliba ɗaya daga cikinsu ta ce a miƙa Harry, sai aka fitar da gidan gaba ɗaya, teburinsu ya zama wayam, ba a nuna ɗalibi ko ɗaya daga cikinsu da ya tsaya ba. Rubu'in makaranta ke nan aka yanke wa hukunci tun ranar shiga. Duk malamin da ya taɓa ganin yadda ajin da aka laƙaba wa sunan ajin banza ke cika sunansa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu shi ne ƙananan halittun nan masu bauta a gidajen masu sihiri ba lada, dangin Dobby. Da Hermione ta kafa ƙungiyar neman ƴancinsu a littafi na huɗu, labarin ya mai da ita abin zolaya, ya kuma nuna bayin da kansu ba su son ƴanci. Aka ci yaƙi, aka kawar da azzalumi, bautar tana nan. Tunanin Harry na ƙarshe kafin babin rufewa shi ne ko Kreattur, bawan da ya gada daga Sirius, zai kawo masa abin taɓawa. A ƙasa irin Nijar, inda sai a 2003 aka shigar da laifin bautarwa cikin kundin hukunta laifuka, zancen cewa bawa ya fi son zamansa ba sabon zance ba ne, an kuma san bakin da ya saba fitowa.

Ba kowane ƙorafi na baya-bayan nan ke da irin wannan tushe ba. Da aka zaɓi Noma Dumezweni, baƙar fata haifaffiyar Suwazilan, ta fito a matsayin Hermione a wasan daɓe da aka buɗe a Landan a 2016, wasu sun tada jijiyar wuya cewa an canza musu tauraruwa. Abin da suke karewa fuskar Emma Watson ce, ba wani jigo na littafin ba. Abin da littattafan suka nanata game da Hermione shi ne gashinta mai yawa, haƙoranta da kaifin basirarta, kuma jigon rayuwarta shi ne raini da ake yi mata saboda asalinta. Rowling ta goyi bayan zaɓin, Dumezweni kuma ta ci kyautar Olivier a 2017. An sake jin irin wannan hayaniya a 2025, da aka sanar da cewa Paapa Essiedu, ɗan Ingila mai asalin Gana, shi zai fito a matsayin Rogue a sabon shirin talabijin na HBO.

Babin rufewar nan da aka yi ta jayayya a kansa ya ƙunshi wani ƙaramin bayani da ba a cika tsayawa a kansa ba. Neville Londubat, yaron kwaɗo, wanda ya jagoranci ɗalibai a shekarar da makaranta ke hannun mabiyan Voldemort, ya kuma sare kan macijin mugun a ranar yaƙi, ya zama malami a Poudlard, yana koyar da ilmin tsirrai. Ke nan cikin ƴan kwanaki bayan wancan jirgi ya tashi, zai buɗe littafin kiran suna a gaban sabon aji, ya sauko har harafin P, ya karanta sunan ɗan abokinsa da babbar murya. Littafin ya rufe a tasha, bai bi jirgin zuwa aji ba.